Lauratu Ɗantsoho, Ungozomar Ɗanzomo

Haihuwa da karatu

An haifi Lauratu a garin Gumel a shekarar 1941, mahaifinta Malam Ɗantsoho baduku ne, mahaifiyarta kuma Sabuwa mai sana'ar kitso. Bayan karatun allo, ta shiga elementare a 1949, a zamanin da ba kowane uba ke yarda 'yarsa ta yi boko ba.

Aure da 'ya'ya

A 1957 ta auri Ɗahiru, wani direba mutumin Maigatari. Cikinta na fari ya zo da kumburin ƙafa, aka ce ai na goyon ciki ne, har ciwon jijjiga ya kayar da ita ranar naƙuda. Ta haifi tagwaye, Hassan ya koma, Hussaini ya rayu. Fadimatu ta biyo baya a 1961. Da Ɗahiru ya rasu a 1968, danginsa suka riƙe yaran, ita kuwa ta tafi Kano koyon aikin ungozoma.

Aiki

A 1972 aka tura ta wani ƙaramin asibiti a Ɗanzomo, inda ba ta da dangi ko sani. Ranar awon ciki takan karɓi fitsarin kowace mace, ta zuba a siririyar kwalba, ta ɗora a kan 'yar fitila; idan ya yi gudaji kamar farin ƙwai, to jijjiga na tafe. Wannan aiki ya sa aka laƙaba mata Mai Dafa Fitsari. Mata sukan gaishe ta da ladabi, amma ba mai cin abincin hannunta saboda ƙyamar najasa, ba kuma mai gayyatarta biki.

A daminar 1975 fitsarin Zinariya, matar wani manomi mai suna Mati, ya yi gudaji, ga ƙafa ta kumbura, Lauratu ta ce a kai ta asibitin Gumel. Mati ya ce ba zai bar noma ya kai mace Gumel a kan kumburi ba. Lauratu ta bi shi har gona ta ce, "Malam Mati, ni ma haka aka ce da ni, kuma ɗana ɗaya yana ƙasa." Washegari ya sa matar a mota, aka ceto ta da jaririyarta. Ranar suna aka aiko wa Lauratu tuwo da goro, ta ci ita kaɗai a ɗakinta tana jin kiɗan daga nesa.

Rasuwa

An mayar da ita Gagarawa a 1977, ta ci gaba da awon har ciwon ƙirji ya kwantar da ita. Allah ya yi mata rasuwa a watan Sha'aban na 1979, aka yi mata sutura a maƙabartar garin, ko sahu ɗaya bai cika ba a sallar jana'izarta. Ta bar 'ya'ya biyu: Fadimatu, mai aure a Sule Tankarkar, da Hussaini, direba, wanda labari ya iske a Damagaram bayan an yi sadakar uku. Allah ya jiƙanta.