Gaisuwa ɗaya ga dattawa tara

Talata, ƙarfe goma da kwata na safe, a wata rumfa a gefen Gadarif. Aikina na farko ke nan bayan jami'a, tafinta tsakanin wani baƙo da Hausawan garinmu na nan Sudan, kuma na gwaji ne.

Baƙon da ya zo kan maganar rabon irin riɗi ya ɗaga wa dattawa tara hannu daga nesa, ya faɗi wata kalma ta Turancin yankinsu mai nufin "ku duka". Na juya ta daidai: "Sannunku duka."

Mu kuwa ɗaya bayan ɗaya ake bi, a fara da babba, a ba shi hannu, a tambayi iyali. Na sani sarai. Tsoron ƙara abin da baƙon bai faɗa ba ne ya hana ni.

Baba Idris, aminin mahaifina kuma ɗaya daga cikin dattawan, ya dube ni.

"Ya waladi, ɗana, mu duka? Buhunan dawa ne mu?"

"Baba, abin da ya ce ke nan."

"Shi baƙo ne. Kai ɗan waye?"

Ya ɗauki sandarsa ya fita, shida suka bi shi.

Har yanzu ban san ko za a sake kirana ba, ko irin zai iso kafin ruwan farko, ko mahaifina ya ji labari. Da ku ne, me za ku faɗa?