Gwaji na Goma Sha Bakwai

Duk Toranke babu wanda ya san takamaiman aikin da Naja'atu take yi a Gaya. In aka tambayi mahaifinta, Malam Barau, sai ya gyara zaman hularsa ya ce, "Ita ce mai tsaron kwamfuta kada ta yi ƙarya." Kuma wallahi bai yi nisa da gaskiya ba.

Wurin aikinta wani ɗan kamfani ne mai ɗaki biyu, suna gina shafin intanet na yi wa manoma rajistar takin zamani. Mudassir ne mai gina shafin. Ita kuwa shekara biyu ta kwashe tana gina abin da zai riƙa gwada shi. Ta koya wa kwamfuta ta buɗe burauza, wato manhajar shiga intanet, da kanta, ta cike fom kamar manomi, ta danna maɓalli, ta duba ko suna ya shiga. Gwaji arba'in da uku ne, suna gudu kowace safiya. In lafiya su fito kore, in da matsala su yi ja.

To, Mudassir mutum ne da hannunsa ba ya zama waje ɗaya. Maɓallin da ke dama yau, gobe ya mayar da shi hagu, kuma ko tari ba zai yi mata ba. Kwamfuta kuwa sakarya ce, in ba ta ga abu inda ta bar shi ba sai ta kafe. Haka Naja'atu za ta wuni tana gyaran abin da ta gyara jiya, ga sabis yana ɗaukewa, ga janareta yana shaƙewa. Kai, abin da haushi!

Wanda ya fi cin ranta shi ne gwaji na goma sha bakwai, kuma shi ta fi ji da shi, don daga gidansu ta samo shi. A Toranke sau da yawa waya ɗaya ce ke yi wa gida guda aiki. A nasu gidan, lambar Baffa Gaji, yayan mahaifinta, ita kowa ke bayarwa a asibiti da makaranta da ko'ina. Don haka gwajin yake yi wa mutum biyu rajista da lamba ɗaya, ya tabbatar an karɓi duka biyun. Mudassir ya sa masa suna gwajin ƙauye. Sai dai yana jiran saƙon waya har sau biyu, da sabis ya yi rauni sai ya yi ja ba gaira ba dalili.

Ana gobe buɗe rajista ya sake yin ja. Shugabarsu, Hajiya Hidaya, ta tsaya a kanta.

"Naja'atu, ba zan saki shafi da ja a jikinsa ba. Ki gyara shi ko ki kashe shi."

"Hajiya, sau huɗu na gyara shi a watan nan."

Mudassir ya leƙo ya ce, "Sabis ne kawai, kin fi kowa sani."

Ta gaji, ranta ya ɓaci. Ko buɗe rahoton ba ta yi ba, ta sa wa gwajin alamar a tsallake shi, allo ya koma kore fes. Ba ta san cewa a satin Mudassir ya ƙara wata doka don maganin masu maguɗi ba: lamba ɗaya, mutum ɗaya.

Kwana uku aka bayar na rajista. Baffa Gaji ya yi tasa tun ranar farko. Malam Barau sai ranar ƙarshe ya hau kekensa ya tafi Ajingi inda ake rajistar, ya bi layi, aka ce an riga an yi amfani da lambar. Ya sake bin layi, aka maimaita masa. Bai kira 'yarsa ba, don wayar tana aljihun yayansa a gona. Da la'asar aka rufe.

Ranar Juma'a Naja'atu ta je gida ta same shi yana tsintar irin masara a faifai. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, an samu shiga rajistar?"

"Allah bai yi ba bana. Har da su Malam Yahya, mun kai mu ashirin." Ya ci gaba da tsintarsa. "Ma'aikacin yana ta cewa wai na'urar ce ta lalace. Na ce masa kul, kada ya yi mata ƙazafi, 'yata ce ke duba ta kullum safiya. Ni ne dai tsufa ya sa ban faɗi lambar daidai ba."

Kunya da takaici suka kama Naja'atu. Ta tashi ta shige ɗakin mahaifiyarta.

Litinin tun kafin mai shara ya zo ta isa ofis. Sabis a cike yake taf. Ta cire alamar, ta saki gwaji na goma sha bakwai shi kaɗai, ta zuba wa allon ido. Ko minti ɗaya bai yi ba ya yi ja, da bayanin dalili ɓaro-ɓaro a ƙasansa, kalma bakwai da tun wancan satin suke zaune suna jiran ta karanta.

A ranar aka yi ruwan shuka a Toranke.