Barcin Is'haƙa da Famfon Rana

A Kore Mairuwa, idan ana lissafin masu ƙwazo, da Is'haƙa mai albasa ake farawa. Ba wanda ya taɓa ganinsa yana aikin, amma kowa yana jin sa. Tsohon injinsa na ban ruwa yana da ƙara kamar babur ɗin da ya rasa salansa, daga fadama har cikin gari.

Ni da garkata ke jikin tasa na san gaskiya. Yakan zuba esansi, wato man fetur, daidai gwargwado, ya ta da injin, ya buɗe wa ruwa hanya, ya miƙe a gindin mangwaro. Idan man ya ƙare, shirun ne ke tashinsa. Shirun nan kuma shi ke gaya wa matarsa Barira lokacin kawo fura ya yi. Kafin ta iso ya shafa laka a ƙafa, yana nishi. Haka suka tsufa lafiya lau.

Sai ɗansu Mukhtar ya dawo daga cin rani da tausayin uba. Ya kafa masa famfo mai aiki da hasken rana, ya kwashe tsohon injin. Sabon famfon ba ya ƙara, ba ya kuma tsayawa muddin rana na sama.

Ranar farko Is'haƙa ya kwanta yadda ya saba. Babu abin da ya ƙare balle ya tashe shi. Ruwa ya cika albasarsa, ya tsallako cikin tumatirina. Barira kuwa tun safe take kasa kunne ba ta ji komai ba, har ta fara zaton wani abu ya same shi. Wajen la'asar ta rugo ba ko fura, ta tarar da shi a miƙe, ruwa na bi ta ƙarƙashin tabarma. Ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. Duk fadama muka sheƙo, a gabanmu mamacin ya yi miƙa ya ce, "Ina hura?"

Mun yi dariya har da hawaye. Barira ba ta yi ba, kuma wallahi ta ba ni tausayi.

Washegari ta zo da tabarmarta da irin kuɓewa.

"Mi ya kawo ki da sahe haka?" in ji Is'haƙa.

"Malam, da can in na ji ƙarar, na san kana nan da ranka. Tunda ba ni jin ka, sai in riƙa ganin ka."

Ta miƙa masa fartanya. Tun ranar bai sake barcin hantsi ba.