Ruwan Arzika da gwiwata ta hagu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Da yawa cikinku sun sha ganina ina sallah a kan kujera, kunya ta hana ku tambaya. Ni ma na yi shiru shekaru masu yawa. Yau da na ga hadari ya fara haɗuwa a bayan dutse, na ce bari in faɗa kafin tapkuna su cika.

Abin ya faru ne ba da jimawa ba bayan ƙasarmu ta samu 'yancin kai. Ina amarya a Dogon Dutsi, maigidana yana sayar da goro a kasuwa. Babu famfo a unguwarmu. Ɗan garuwa ke kawo mana ruwa, gwangwani biyu rataye a sanda. Namu sunansa Arzika.

Ni mutum ce mai tsantseni, haka aka tarbiyyantar da mu a makarantar allo. Randar wanki daban, randar sha daban. Na ce masa ta sha ruwan rijiya kaɗai nake so, ko da ya fi tsada. Ya ce, "Amarya, in na zuba miki na tapki, kada Allah shi nuna min gobe."

Na yarda. Wanda ya ambaci Allah ba a bin sawunsa.

Damina ta wuce, wata ta zagayo. Ana cikin noman farko idon sawuna na hagu ya fara ƙaiƙayi. Sai zafi kamar an ɗora garwashi. Sai zazzaɓi da amai. Bororo ya fito, ya fashe, wani farin abu kamar zare ya leƙo.

Innata ta zo daga Kore Mairuwa, ta duba, ta ce, "Kurkunu na, ɗiyata. Ina kika sha ruwan tapki bara?"

Na ce ban sha ba.

Kullum da safe takan naɗe shi a tsinke, kaɗan kaɗan, bai kai tsawon gaɓar yatsa ba. Na biyu ya fito a gwiwa. Shi ne ya tsinke a ciki.

Ƙafar ta kumbura har cinya. A likitar gari, wato asibitinmu, suka tsaga, suka matse, suka yi min allura kwana bakwai. Ba ta sauka ba. Aka sayar da awakina biyu da zanen aurena, aka ɗora ni bayan motar gyaɗa zuwa babbar likitar Doso.

Wata biyu na yi a can. Wankin ciwo da safe, warin magani, kukan wadda ke kwance kusa da ni. Lokotoro ya latsa gwiwar, ya yi magana da Faransanci, mai fassara ya ce, "In ta kai Juma'a ba ta sake ba, za a yanke." Ban yi kuka ba. Yasin na riƙa karantawa, ina kallon yatsun ƙafata ina ƙirga su.

Ba a yanke ba. Amma gwiwar ta sandare. Tun ranar goshina bai ƙara taɓa ƙasa yadda aka koya min ba.

Da na dawo na tarar gida shida a layinmu an kwanta da kurkunu, duk gidajen da Arzika ke kai wa ruwa. Wata maƙwabciyata, Ta-Allah, ta bi shi. Ashe da damina tapkin bayan gari yake zuwa, inda shanu ke shiga. Ya cika gwangwanayensa, ya bar ruwan ya kwanta, sannan ya zagayo ta hanyar rijiya don a ga daga can ya fito. Jan guga ne ba ya so.

Maigidana ya kira shi zaure. Ina daga ciki da sandata ina ji. Arzika ya yi dariya ya ce, "Maigida, ruwa ai ruwa na. Ni ma shi nika sha, ga ni tsaye."

Ban ɗaga murya ba, ban iya ba. Amma duk sunan da aka yi a unguwa, duk biki, sai na ɗingisa na je. In an ce sannu da jiki, in ɗage zane kaɗan in nuna tabon, in ce, "Ruwan Arzika ne." Iyakar abin da na sani na faɗa, ban ƙara ko kalma ba. Kafin kaka babu matar da ke buɗe masa randa. Ya tattara ya tafi cirani.

Bayan shekaru ya dawo da furfura, zai tafi Makka, yana bin gidaje neman gafara. Ya durƙusa a ƙofar ɗakina. Na kalli yadda gwiwoyinsa biyu suka lanƙwashe ba wahala.

"Hajiya, a yahe min."

"Ka san sallah nawa na yi a zaune?"

"Allah shi ka sani."

"To shi zai raba mu. Sauka lafiya."

Malamai sun yi min wa'azi, kuma na san falalar yafiya, na karanta. Amma hakkin nawa ne, kuma ban bayar ba. Ya rasu tuni. Ban yi masa mugun baki ba, ban kuma ɗauke masa hakkin ba.

Na gode wa Allah da ya bar min ƙafar, da ita na yi renon 'ya'ya bakwai. Allah ya jiƙan Inna da maigidana. Allah ya saka wa ma'aikatan da suka wanke min ciwo ba su toshe hanci ba.

An ce kurkunu ya ƙare, alhamdu lillahi, amma ruwan tapki bai daina kwantar da mutane ba. In kun fita gona ko gayya da daminar nan, ku tafi da ruwanku daga gida. In famfo ya ɗauke kuka sayi na garuwa, ku tace da ƙyalle mai tsabta, ku tafasa na sha. Ciwon da ya kumbura kada ku jira, ku kai likita.

Mai kawo muku ruwa kuwa, ko ya dafa Alƙur'ani, ku sa zane ku bi shi rana ɗaya ku ga inda yake ɗiba. Ku da ƙafafunku ke lanƙwasuwa, tafiyar ba ta da nisa.