Ranar da na tambayi ma'anar Cubazuela

Wata Asabar ta watan Oktoba, shekarar da na cika tara, Mama ta aike ni da kwanon waina wurin maƙwabcinmu a benen da muke haya a Wheaton, a Amurka. Baba Ramiro muke ce masa, don Mama ta hana mu kiran sunan babba gatsal. Shi ke gyara mana keke a gindin matakala, shi ke raba mu in faɗa ya kaure wajen ƙwallo a filin ajiye motoci. Na same shi tsaye gaban talabijin, yana ta faɗin, "Cubazuela! Cubazuela!"

Na ɗauka sunan wata ƙasa ce. Ranar Litinin na bi taswirar ajinmu da yatsa har aka kaɗa ƙararrawa, ban gan ta ba. Da yamma na je na tambaye shi da Turanci, ina jiran ya yi dariya kamar kullum. Sai ya zauna a matakala, ya ce ba ƙasa ba ce, Cuba aka ɗauko aka manna mata wutsiyar Venezuela. A Cuba aka haife shi. Yana yaro gwamnati ta ƙwace gidan burodin mahaifinsa, suka gudu Venezuela. Can ya yi aure, ya kafa nasa shagon, da tsufansa kuma aka ƙwace shagon. Mutanensu suka haɗa sunayen biyu don suna ganin ta biyun ta koma ta farkon.

"Ɗana na gani ran nan a talabijin," in ji shi, "'yan sandan Venezuela na jan sa a ƙasa."

Sai ya fashe da kuka. Ban taɓa ganin dattijo yana kuka ba. Na daskare a tsaye, jakar makaranta a bayana, har Mama ta leƙo, ta yi salati, ta ce, "Ke Hadiza, ɗebo masa ruwa!"

Kafin sanyi ya wuce ya tashi daga benen, ba wanda ya san inda ya koma. A lokacin, a zatona ƙasa launi ce kawai a bangon aji. Yanzu ina aikin jinya a Largo, nan Amurka, kullum ina jin Sifaniyanci, yaren Baba Ramiro, a bakin tsofaffi, nakan kuma tsaya in ƙare wa fuskokinsu kallo ko zan gan shi. Har yau ban san ko an saki ɗansa ba.