Direban da Aka Sauke Saboda Nauyin Kaya

Bashari mutumin Yawuri ne, ɗan masunta jikan masunta. Idan taru ya maƙale a gindin kogi shi ake kira, ya ja numfashi ya nutse, sai an fara salati sannan ya ɓullo. A shekarar 1992 wani ɗan'uwansa ya samo masa bizar tuƙi, ya bar matarsa Rekiya da goyo ya sauka a Riyad, garin da ko rafin wanke ƙafa babu.

Kafilinsa, wato wanda iƙamarsa (takardar izinin zama) da fasfonsa ke hannunsa, wani injiniya ne mai ofis a Ulaya, ana ce masa Abu Imran. Ba mugu ba ne a fuska. Yana dariya, yana kyautar dabino, sai dai duk abin da ya mallaka yana son a gani, daga motarsa har direbansa.

Shekara biyar da fara aikin, Abu Imran ya kamu da son nutso irin na masu kuɗi, mai tukunyar iska a baya da takalmin roba kamar ƙafar agwagwa. Duk Alhamis Bashari zai kai shi wani gidan gona a Dir'iyya inda shi da abokansa ke koyo a tafkin wanka. Wata rana yana wanke masu kayan, bakinsa ya kufce ya ce a garinsu ba a goya tukunya. Suka ce ya nuna. Ya tuɓe riga ya faɗa, ya zauna a ƙasan ruwan har wani abokin maigidan mai suna Kamil ya miƙe tsaye da agogo a hannu.

"Wallahi da kai za mu tafi Malesiya!" in ji Abu Imran. "Akwai tsibirin da ake hango kifi daga saman ruwa. Sai Turawan can sun ga direbana."

A watan ne hutun Bashari na zuwa gida ya kama. Abokinsa Isiyaku, mai gadi a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, ya ce masa, "Kai, tafi ka ga iyalinka. Alkawarin mai kuɗi ba ya tsallake ƙofar gidansa." Bai ji ba. Ya ɗauki murya a kaset ya aika wa Rekiya cewa ta yi haƙuri sai baɗi. Bai taɓa shiga teku ba, kuma ransa ya biya.

Da suka sauka Malesiya, daga babban birnin ƙasar suka hau bas, awa shida cikin gonakin kwakwar manja, Bashari a kujerar ƙarshe da jaka a cinya. A wani gari na bakin teku suka ɗauki tasi biyu, ɗaya ta mutane, ɗaya ta kaya da shi. Akwati tara ya loda, ya sauke, ya sake lodawa, gumi har cikin takalmi. Tasin ta ajiye su a wani ɗan filin jirgi mai rufin kwano. Jirgin kuwa ƙarami ne mai farfela biyu, tafiyar minti ashirin.

Nan wata ma'aikaciya ta sa kowa ya hau sikeli, mutum da kayansa. Ta girgiza kai ta ce nauyi ya yi yawa: ko a bar akwati biyu, ko mutum ɗaya ya jira jirgin gobe.

Kamil bai ko juyo ba ya ce, "A bar direban mana."

Bashari ya dubi maigidansa. A cikin akwatunan akwai na shisha da gawayinta, akwai na shinkafa da gahawa, don Kamil ba ya cin abincin baƙi. Abu Imran ya dafa kafaɗarsa.

"Ma'alesh, yi haƙuri, ya Bashari. Gobe da safe ka biyo mu."

Bashari ya tsaya a bakin shingen waya yana kallo aka ɗora gawayi a jirgi.

Washegari ya zo da tikitinsa, ma'aikaciyar ta ce ina fasfo. Fasfo yana aljihun Abu Imran, a tsibiri. Ya je tashar jiragen ruwa, aka ce teku ta tashi, an hana fita sai mako mai zuwa. Ya samu aka buga masa waya otel ɗin har sau uku, kullum sai a ce baƙin suna cikin ruwa. Kwana shida ya yi a wani ɗakin haya kusa da kasuwar kifi, yana tsoron nisa da ƙofa kada ɗan sanda ya tambaye shi takarda. Abin da ya fi cin ransa shi ne Rekiya: yarinyarsu ta shiga makaranta, shi kuma ya sayar da ganinta a kan wannan.

Ran da suka dawo ya tarye su a filin jirgin, fuskokinsu sun ƙone da rana, Abu Imran ya miƙo masa riga mai hoton kifi yana dariya. "Me ya hana ka zuwa? Mun yi ta jira."

"Duba aljihunka na hagu."

Ya laluba, ya ciro koren fasfon. Dariyar ta ɗauke.

"Kwana shida kana tuɓe wandon nan kana sawa, ba ka ji nauyinsa ba?" in ji Bashari. Larabcinsa na kasuwa ne, amma ranar ko kalma ɗaya ba ta ɓace masa ba. "An ɗora ni a sikeli da gawayi, gawayi ya ci. Ni ɗan mutane ne, Abu Imran. Ina da uwa, ina da mata."

"Rage murya, mutane na kallo," in ji Kamil. "Yalla, maza ɗauki kayan."

"Wanda ya sha shishar ya ɗauka."

Ya wuce ya shiga gaban tasi ya rufe ƙofa. Su biyun suka loda akwati tara da kansu.

Da suka koma Riyad ya nemi a sallame shi gaba ɗaya. Abu Imran ya ƙi, ya ce sai kwantiragi ta ƙare. Wata goma sha huɗu Bashari ya ci gaba da tuƙi, daga "na'am" sai "tayyib" ba ya ƙara komai. Maigidan ya gwada wasa, ya gwada faɗa, har ya aiko Isiyaku da ban haƙuri. Bashari ya ce ya yafe don Allah, amma hira ta ƙare.

Ƙarshen 1998 aka buga masa bizar fita. Sabon direban, wani dattijo ɗan Maraɗi mai suna Moussa, ya tambaye shi halin gidan. Bashari ya nuna masa inda ake duba mai da ruwan mota, da hanyar makarantar yara, ya miƙa masa makulli.

"Abincinsu da daɗi, baba," ya ce. "Amma idan ya fara yabonka a gaban abokansa, ka yi ta kanka."