Neman Gida a Gidan Makoki

Jiya ina hawa matakalar benenmu sai ƙamshin gahawa ya tare ni a hawa na biyu. Ban san daga wace ƙofa ya fito ba, don a ginin nan ƙofofi a rufe suke kullum. Na tsaya riƙe da ledar cefane, kakata ta faɗo mini a rai, da wani lokacin zafi da muka yi ta yawon gidajen makoki ni da ita.

Kada ka ɗauka danginmu ne suka yi ta mutuwa. Ko ɗaya daga cikin mamatan ba mu sani ba. Gida muke nema.

Ina 'yar shekara tara aka sayar da gidan da muke haya a unguwar Jarwal, za a rushe a yi masaukin alhazai, aka ba mu zuwa bayan aikin Hajji mu tashi. Baba, wanda a nan Makka aka haife shi har Larabci ya fi zama a bakinsa, ya shiga bin dillalai. Shi ruwan famfo yake dubawa, da titin da mota za ta shiga. Kaka kuwa, mahaifiyarsa, wadda ta iso ƙasar nan da ƙafa ta hanyar Sudan tun tana budurwa, duk unguwar da ya ambata sai ta ce a dakata. Gyaɗa da aya take sayarwa a bakin kasuwa, saboda haka labarin rasuwa ba ya wuce kunnenta. Da ta ji an yi rashi a unguwar, sai ta sa abayarta ta fita unguwa, ta kama hannuna bayan la'asar.

"Kai ka duba bango," ta ce da Baba. "Ni zan duba inda za su zaunar da ni."

A Shisha Baba ya sami gidan da ya kwanta masa a rai, mai ɗakuna uku, har ya auna inda firiji zai zauna. Ba a yi sati ba aka yi rasuwa a layin. Muka shiga wani falo mai sanyi, kafet ɗinsa na nutsar da ƙafa, iyalan mamacin a jere cikin fararen kaya. Kaka ta yi sallama, ta buɗe baki za ta yi ta'aziyya, sai wata mata ta taso da fara'arta ta ce, "Kin makara, ya hajja. Yalla, fara daga dama." Ta danƙa mata butar gahawa da ƙananan kofuna. Ta ga baƙar mace tsohuwa, ta ɗauka ma'aikaciyar da aka ɗauko don rabon gahawa ce.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kaka kuwa ta karɓa. Ta bi matan ɗaya bayan ɗaya tana zuba musu, ba ta ɗiga ko ɗigo a kafet ba. Da ta gama ta ajiye butar, ta yi wa mamacin addu'a a tsaye, muka fito. A hanya ta saya mini ƙanƙara mai zaƙi.

Baba ya yi ta faɗa da ta ce ba za mu zauna can ba. Ya ce ai kuskure ne, matar ba ta san ta ba.

"Shi ya sa na je, ɗan nan," ta ce. "Wanda ya san ka dole ya ba ka wuri."

Nakkasa ce ta ƙarshe, kuma Baba bai so ko a ambace ta ba. Unguwa ce a jikin dutse, lunguna matsattsu, matakalar da sai ka huta sau biyu kafin ka kai sama. Wani tsoho ɗan Burma ne ya rasu. Ɗakin ya cika maƙil, ga zufa, ga warin turare da na shinkafa, matan Burma da na Chadi da na Yaman da namu Hausawa duk a tabarma ɗaya. 'Yar mamacin, wata siririyar matashiya, ta ɗaga kai ta ga Kaka a bakin ƙofa. Ta matsa, ta jawo ta kusa da ita, ta kifa kanta a kafaɗar Kaka ta ci gaba da kukanta. Ba ta tambayi ko wace ce ba. Kafin magariba Kaka ta san ungozomar layin, ta san malamar da ke koya wa 'yan mata karatu, da mutumin da ke raka marasa lafiya asibiti idan takardun zamansu sun ƙare.

Can muka koma, Baba yana gunaguni yana haki a matakala. Can na girma. Da azumi faranti kan fita gidanmu da ƙosai ya dawo da sambusa. In an yi ruwan sama, ruwa ya gangaro ta lungu kamar rafi, mu yara mu bi shi da ihu. Matashiyar nan ta zama kamar ƙanwar Umma, har ta koyi Hausa a bakin Kaka, da zagin da komai. Ranar da Kaka ta rasu, sai da aka shimfiɗa tabarmi har gangaren dutse.

Yanzu babu layin namu, an baje shi, mutanensa sun watse. Ni na zaɓi inda muka koma da Umma, a waya na zaɓa, ina kallon hotunan ɗakuna. A Shisha ne, kuma ruwa ba ya yankewa. Ban leƙa makokin kowa ba, na ga kamar abin tsofaffi ne.

Bara Umma ta rasu. Na buɗe ƙofata kwana uku. A duk ginin mutum ɗaya ya ƙwanƙwasa, ya ce don Allah a kwashe takalman da suka tare hanya. Waɗanda suka zo mutanen Nakkasa ne, kowa daga uwa duniya a tasi. A rana ta uku 'yar tsohon nan ɗan Burma ta iso, ta tsufa, jikokinta biyu na tallafe da ita. Ta zauna kusa da ni, ta dubi ƙofofin maƙwabta ta bakin tawa ƙofar, ta daɗe tana dubawa.

"'Yata," ta ce da Hausarta irin ta Kaka, "wa ya zaɓa muku nan?"

Na ce, "Ni ce, Inna."

Ta jawo kaina ta ɗora a kafaɗarta.